Ƙarfin Damƙa: Tsakanin Motsa Jiki Da Kasuwar Ƙwayoyin Gina Jiki

Ga maƙeri da birkila da ɗan dako da manomi, ƙarfin damƙa jari ne, domin duk ranar da hannu ya fara kasawa, ranar ce abin sanyawa a aljihu ke fara raguwa. Wannan buƙata kuwa tana cikin abubuwan da masu sayar da ƙwayoyi da garin gina jiki ke kafa hujja da su wajen tallata hajarsu.

Muhimmancin al'amarin ya ƙara bayyana a 2015, lokacin da mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da masanan Jami'ar McMaster ta ƙasar Kanada suka jagoranta, wanda ya shafi mutane kusan 140,000 a ƙasashe 17. Binciken ya nuna cewa duk raguwar kilo 5 a ma'aunin damƙa tana tafe da ƙaruwar haɗarin mutuwa da kashi 16 cikin ɗari. Sai dai damƙa manuniya ce ta ƙarfin jiki baki ɗaya, saboda haka horar da tafin hannu kaɗai ba ya zama tabbacin tsawon rai.

Hanya mafi inganci kuma ita ce mafi araha. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta shawarci manya da su riƙa atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Rataya da hannu a jikin sandar ƙarfe, da tafiya da jarkar ruwa a kowane hannu, da murɗe jiƙaƙƙen tawul, duk suna ƙarfafa yatsu da sangalin hannu. Cikakkiyar jarka mai lita 20 tana da nauyin kimanin kilo 20, don haka sai a fara da rabinta, a riƙa ƙarawa sannu a hankali, ana ba jiki hutu.

Dangane da kayan kanti kuwa, sinadarin kiriyatin yana cikin 'yan kaɗan da bincike ya tabbatar da amfaninsu, a kan giram 3 zuwa 5 a rana, amma fa'idarsa ta fi fitowa ne idan an haɗa da atisaye. Garin furotin shi ma ba dole ba ne, tunda giram 100 na busasshen waken suya yana ɗauke da furotin kimanin giram 36, gyaɗa kuma kimanin 25.

A nan ne lissafin mai saye ya kamata ya tsaya. Da yawa daga cikin waɗannan kayayyaki shigo da su ake yi, kuma faɗuwar darajar naira bayan sauyin tsarin canjin kuɗi na watan Yunin 2023 ta ƙara musu tsada. Bugu da ƙari, a Amurka, dokar 1994 ba ta wajabta wa kamfanoni tabbatar da amfanin irin waɗannan kayan ba kafin su kai su kasuwa, kuma a 2017 hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta yi gargaɗin cewa wasu kayan gina jiki suna ɗauke da sinadaran sitiroyid masu lahanta hanta.

Saboda haka, wanda ya ga lallai sai ya saya, to ya duba lambar rajistar hukumar NAFDAC, ya kuma nemi shawarar likita, musamman idan yana da ciwon ƙoda. Ga ma'aikacin da ke ƙirga kowane kwabo kuwa, wake da gyaɗa da jarka biyu sun fi gwangwanin waje riba.