Koya wa Yaro Fatsa da Ƙwaron Gashi

Fatsa da ƙwaron gashi hanya ce ta kamun kifi wadda ba a sa wa ƙugiya tana ko wani abinci. Ana ɗaura wa ƙugiyar gashin tsuntsu da ɗan ulu da zare har ta yi kama da ƙwaron da kifi ya saba ci, sai a jefa ta ta sauka a kan ruwa a hankali. Kifi ya gani, ya ɗauka abinci ne, ya kai baki. A Ingila da Sikotilan da Amurka wannan fatsa gado ce a gidaje da yawa. Kaka kan koya wa jika, kawu ya koya wa ɗan ƙanwarsa, kuma galibi kifin da ake nema shi ne tirawut, mai ɗigo-ɗigo a jiki, mai son ruwan sanyi.

Abu na farko da mai koyarwa ke fahimtar da yaro shi ne, wannan ƙwaro ba shi da nauyi ko kaɗan. A fatsar da aka saba gani, dalma ce ke jan zare ta kai ƙugiya nesa. A nan kuwa zaren ne mai nauyi, kakkaura ne, an lulluɓe shi da roba, shi ne ke ɗaukar ƙwaron ya kai shi inda ake so. Zaren ake jefawa, ƙwaro biye yake. Duk koyon yana kan wannan.

Dabarar ƙwaron gashi tsohuwa ce ƙwarai. Wajen shekara ta 200 Miladiyya, wani marubucin Rum mai suna Claudius Aelianus ya ba da labarin masunta na ƙasar Masedoniya a wani kogi da ya kira Astraeus. Ya ce akwai wani ƙwaro da ke shawagi a kan ruwan, kifaye masu ɗigo-ɗigo na kai masa cafka. Masuntan ba sa kama ƙwaron su sa a ƙugiya, domin da hannu ya taɓa shi sai launinsa ya ɓaci, fukafukansa su lalace. Sai suka naɗa jan ulu a ƙugiya, suka haɗa da gashi biyu na zakara, irin wanda ke fitowa a ƙarƙashin lebatunsa, mai launin kakin zuma. Sandarsu ƙafa 6 ce, zaren ma haka. Jan ulu da gashin zakara biyu: abin sha'awa shi ne yaro na iya haɗa wannan da hannunsa yau, shekara 1,800 bayan wancan bayani, kuma kifi ya ci. A Ingila an buga littafi kan fatsa a 1496 mai ɗauke da ƙwari iri 12, sai littafin Izaak Walton a 1653, wanda Charles Cotton ya ƙara masa kashi na fatsar ƙwaro a 1676.

Kayan aiki ba su da yawa. Manya kan riƙe sanda mai tsawon ƙafa 9. Yaro ɗan shekara takwas ko goma ya fi jin daɗin mai ƙafa 7 ko 8, marar nauyi, mai sirirtaccen mariƙi da tafin hannunsa zai iya zagayewa. Akwai ƙaramin faifai da ake naɗe zare a kai, a ƙarshen zaren kuma ana ɗaura wani siririn nailan da kifi ba ya gani sosai. Tabarau da hula dole ne, ga yaro da babba duka, saboda ƙugiya ce ke yawo a iska kusa da ido. Ana kuma danne ɗan haƙorin nan na ƙugiya da filaya, domin in ta shiga kunne ko yatsa a zare ta ba wahala.

Darasin farko ba a bakin kogi ake yin sa ba. A fili ake yi, a kan ciyawa, a ɗaura ɗan jan ulu a madadin ƙugiya, a ajiye faranti ko kwano can gaba a ce wa yaro ya sauke ulun a ciki. Babba ya tsaya a bayansa, ya ɗora hannunsa a kan nasa, su ɗaga sanda tare ta koma baya ta tsaya cak, su jira zare ya miƙe a bayansu, sannan su turo ta gaba ta sake tsayawa cak. Jiran nan na tsakiya shi ne wurin wahala. Kusan kowane yaro kan yi gaggawa, ya turo sanda gaba kafin zare ya gama miƙewa, sai a ji ƙara tas, ulu ya tsinke ya tafi. Shi ya sa kalmar da ta fi yawa a bakin mai koyarwa ita ce: "Dakata. Bari ya miƙe. To, yanzu." Wasu kan ce wa yaro ya juya kai ya kalli zaren a bayansa, idonsa ya gaya masa lokaci.

Labarin da ya fi shahara kan wannan koyarwa yana cikin littafin Norman Maclean, A River Runs Through It, na 1976, wanda Robert Redford ya mayar fim a 1992. A littafin, uban limamin coci ne a jihar Montana ta Amurka, shi ya koya wa 'ya'yansa biyu jifa da kansa. Ya ɗauko na'urar nan mai lilo tana ƙas-ƙas da masu koyon kiɗan fiyano ke auna lokaci da ita, ta matarsa ce, ya sa yaran su bi ƙidaya huɗu. Sanda kuma kada ta wuce tsakanin ƙarfe goma da ƙarfe biyu na fuskar agogo, wato kaɗan gaba da kai, kaɗan baya da kai. Ƙidaya huɗu, ƙarfe goma zuwa ƙarfe biyu. Tsarin nasa da tsauri, amma ya gano gaskiyar lamarin: jifan nan na bin lokaci ne, ƙarfin damtse bai da amfani a cikinsa. Joan Wulff, wadda aka haifa a 1926 a jihar New Jersey, ta tabbatar da haka. Tun tana yarinya ta fara, ta yi aikin koyar da rawa, kuma a 1951 ta lashe gasar jifan nesa ta ƙasa tana karawa da maza zalla. A 1979 ita da mijinta Lee Wulff suka buɗe makarantar koyar da fatsar a jihar New York. Saboda haka babu dalilin a kai 'ya'ya maza kogi a bar mata a gida.

Ranar zuwa ruwa, mai koyarwa nagari kan bar tasa sandar a gida. Wannan shawara tana da muhimmanci, domin wanda hankalinsa ke kan nasa kifin ba zai ga lokacin da zaren yaro ya sarƙe a reshe ba, kuma zai sarƙe, sau da yawa ma. Wurin ma zaɓa ake yi. Kogin tirawut mai santsin duwatsu, kifinsa kuma mai wayo, ba na mai koyo ba ne. A Amurka an fi fara wa yara da tafki mai ƙananan kifaye da ake kira bulugil, masu cin kusan duk abin da ya faɗo ruwa, inda babu bishiya a baya. Yaron da ya kama ƙananan kifi biyar cikin rabin awa zai nemi a dawo gobe. Awa ɗaya ta isa, kuma a tashi tun bai gaji ba. In za a shiga ruwa, kada ya wuce gwiwar yaro, a sa masa rigar hana nutsewa, babba ya tsaya ta inda ruwa ke gangarawa.

Kafin a yi jifa ko ɗaya, a ɗaga dutse daga cikin ruwa a juya shi. A ƙarƙashinsa za a ga ƙananan halittu na motsi, wasu masu jela uku, wasu sun gina wa kansu ɗan kwanso da yashi da tsinke. Su ne 'ya'yan ƙwarin ruwa. Wasu kan yi shekara guda a ƙasan kogi, sannan su taso su yi fukafukai su cika iska kamar shinge bayan ruwan sama, su rayu yini ɗaya ko biyu. Sai a buɗe akwatin ƙwarin gashi a ce wa yaro ya zaɓi wanda ya yi kama da abin da ke tafin hannunsa. Da yawa daga yara wannan ɓangaren ya fi ɗauke musu hankali fiye da jifan kansa, kuma ba ɓata lokaci ba ne, domin tirawut ya fi cin abincinsa a ƙarƙashin ruwa.

In kifi ya ci, yaro kan yi ihu, "Kawu, ya ci!", ya fizgi sanda da ƙarfi. Abin da ake koya masa shi ne ya ɗaga ta kawai, ya bar zare a miƙe. Kada babba ya karɓi sandar. Idan za a saki kifin, a jiƙa hannu kafin a taɓa shi don kada a goge yauƙin da ke kare fatarsa, a zare ƙugiya yana cikin ruwa, a riƙe shi kansa na fuskantar inda ruwa ke fitowa har ya tafi da kansa. In zafin ruwa ya kai digiri 20, masu kula kan daina neman tirawut, saboda wanda aka saka yakan sha wahalar farfaɗowa. Ƙasashe da yawa na buƙatar lasisi, kodayake ana sassauta wa yara.

A Afirka an kai tirawut kogunan tsaunukan Kenya a 1905, kuma a kogin Faro na arewacin Kamaru ana kama tsage da giwan ruwa da ƙwaron gashi, amma waɗannan kifaye na ƙwararru ne. Ƙulla nailan a ƙugiya da haɗa ƙwaro da hannu kan zo daga baya, bayan yaro ya iya sauke zarensa a inda ya nufa.