Tallar Madarar Gwangwani: Uwa, Kada Hoto Ya Ruɗe Ki

Uwargida mai juna biyu, wataƙila kin sha ganin tallar madarar yara a talabijin ko a wayar hannu: yaro ɓul-ɓul yana dariya, uwarsa cikin kwalliya. Kafin ki haihu, ya kamata ki san abin da tallar ba ta faɗa ba.

Kwanakin baya an kawo mana wata jaririya 'yar wata uku daga wani ƙauye na ƙaramar hukumar Sakaba, tana fama da amai da gudawa, duk ta rame. Mahaifinta ya sayar da dawa a Dirin Daji ya sayo mata madara, a ganinsa gata ne irin na 'ya'yan masu hali. Da kuɗi suka yi ƙasa, sai uwar ta riƙa rage gari tana ƙara ruwan rijiya wanda ba a tafasa ba. Allah ya sa yarinyar ta tsira, amma da ƙyar.

Ga yadda tarkon yake. Talla takan sa ki zargi nononki, ki ga kamar bai isa ba. Alhali tsotson jariri ne ke sa nono ya kawo. Da zarar an fara ba shi bulumboti, sai ya rage tsotso, nono ya ja baya, sayen madara ya zama dole. Jaririn da ke shan madara kaɗai yana buƙatar kimanin kilo 20 a wata shida na farko, wato gwangwani 50 masu giram 400. Maigida, sai ka yi lissafi.

Matsalar ba sabuwa ba ce. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar da ta hana tallar madarar jarirai ga jama'a da raba ta kyauta ga iyaye, Nijeriya kuma ta kafa tata dokar a 1990. Duk da haka, binciken da hukumar ta yi tare da UNICEF a ƙasashe takwas, har da tamu, wanda ya fito a 2022, ya nuna kashi 51 cikin 100 na iyaye da masu ciki sun ci karo da irin wannan talla.

Shawararmu ita ce:

1. Ki sa jariri a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Kada ki zubar da dakashi, shi ne rigakafinsa na farko.
2. Nono zalla har wata shida, ko ruwa ban da shi.
3. Daga nan ki haɗa da kunu da sauran abinci, ki ci gaba da shayarwa har shekara biyu.
4. Kada ki karɓi gwangwanin kyauta daga hannun kowa.

Idan uwa ta rasu ko ciwo ya hana ta shayarwa, madara na da amfaninta, amma a fara zuwa asibiti a koyi yadda ake haɗa ta cikin tsabta. In kuwa kina jin nononki bai isa ba, ki zo ki same mu kafin a je kanti. Allah ya sauke ki lafiya.