Tsohuwar Motar Gudu, Amintaccen Bakanike da Tukunyar Abokai

A watan Oktoba na 1980 aka rufe wata masana'antar motoci a garin Abingdon, kusa da Oxford a ƙasar Ingila. Motar da ake ƙerawa a can sunanta MGB. Wanda ya ga ranar nan zai ce ai shi ke nan, nan da shekara goma ba za a ƙara ganin irinta a kan hanya ba. Amma ga shi an wuce shekara 40, har wa yau dubbai daga cikinsu suna tafiya a Ingila da Amurka. Ƙaƙa aka yi haka? Da muka bi labarin, sai muka tarar abu biyu ne suka riƙe ta, watau kanikawa masu zaman kansu waɗanda aka amince da su, da kuma abokai masu taimakon juna.

Wace irin mota ce?

Turawa suna da wasu ƙananan motoci da za mu iya kira motocin gudu. Gajeru ne, cikinsu kusa da ƙasa, kujera biyu kaɗai, rufin kuwa na tamfol ne wanda akan naɗe shi idan rana ta fito. Ba a yi su domin ɗaukar iyali ko buhun masara ba, sai domin jin daɗin tuƙi. MGB tana cikin waɗanda suka fi yawa a irinsu. Daga 1962 zuwa 1980 an ƙera fiye da 500,000, mafi yawansu kuwa Amurka aka kai. Injinta mai silinda 4 ne, girmansa cc 1,798, tana iya gudun kilomita 160 a awa. Ba ta da tsada kamar manyan motocin gudu, saboda haka ma'aikaci mai albashi ma yakan iya tara kuɗi ya saya.

Sunan MG bai mutu ba, yanzu yana hannun kamfanin SAIC na ƙasar Sin, amma sababbin motocin da ke ɗauke da sunan dabam suke ƙwarai da tsofaffin. Mai tsohuwar MGB, in ta yi ciwo, ƙaramin gareji yake nema, inda mai garejin da kansa ne yake riƙe sifana.

Kunnen bakanike

Motar zamani ana sa mata kwamfuta ta faɗi ciwonta. MGB ba ta da wurin da za a sa kwamfuta. Yawancinsu suna da kafireto biyu irin na SU, kowanne yana ciyar da silinda biyu. In ɗaya ya fi ɗaya zuƙar iska, sai injin ya riƙa rawa, ya sha mai, ƙarfinsa ya ragu. Tsohon bakanike yakan ɗauki guntun tiyo na roba, ya sa baki ɗaya a kunnensa, ɗayan kuma a bakin kafireto na fari, ya saurari ƙarar iskar. Sa'an nan ya koma na biyu. Haka zai yi ta juya ƙusa kaɗan kaɗan har ƙarar biyun ta zama ɗaya. Akwai na'urar awo da ake yin wannan aiki da ita, amma kunnen da ya shekara talatin yana saurare ba ya faye kuskure. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ba nan aikin ya tsaya ba. A saman kowane kafireto akwai ɗan rami da ake ɗiga wa mai. Tazarar bawul kuma sai an daidaita ta da hannu, wajen inci 0.015, watau kamar kaurin takarda huɗu. Ƙafafun gaba suna bukatar giris kowane mil 3,000, in an manta sai sitiyari ya yi tauri, ƙarfe ya ci ƙarfe. Motocin da aka yi kafin 1974 batir biyu gare su masu bolt 6, a ɓoye bayan kujeru. Waɗanda aka yi kafin ƙarshen 1967 kuwa, wayar batir mai alamar tarawa ita ce ake haɗawa da jikin mota, akasin yadda muka saba. Yaron da bai san haka ba, in ya haɗa yadda aka koya masa a motar zamani, zai iya ƙona kayan lantarki.

Man fetur ma ya sake. A shekara ta 2000 aka daina sayar da fetur mai darma a gidajen mai na Birtaniya, shi ne kuwa wanda aka ƙera injin domin ya sha. Kanikawa suka shiga sa wa mazaunin bawul ƙarfe mai tauri domin kada ya cinye. A 2021 kuma aka kawo fetur E10, wanda ethanol ɗin cikinsa ya kai kashi 10 cikin 100, shi kuwa yana lalata tsohuwar roba. Tiyon mai in ya tsage kusa da injin mai zafi, gobara ke nan.

Inda amana take

Babban maƙiyin MGB tsatsa ce. Ba ta da shasi dabam, jikinta duka guda ne, ƙarfinta kuwa yana cikin dogon ƙarfen nan da ke ƙarƙashin ƙofa, dama da hagu. A lokacin sanyi akan watsa gishiri a hanyoyin Ingila domin ƙanƙara ta narke. Ruwan gishirin nan ya shiga cikin ƙarfen, ya ci shi daga ciki, waje kuwa fenti yana ta ƙyalli. Mai ha'inci sai ya cika ramin da gam ya shafa fenti, ya karɓi kuɗi. Shi ya sa masu saye sukan tafi da maganaɗisu, inda ya ƙi kamawa sun san ba ƙarfe ba ne a wurin. Mai gaskiya kuwa yakan yanke ruɓaɓɓen duka ya yi walda da sabo, aikin kwanaki da yawa, mai tsada. Daga waje aikin biyun kamarsu ɗaya. Ranar haɗari ne bambancin yake bayyana.

Tun 1988 kamfanin British Motor Heritage ya fara buga sabon jikin MGB da ainihin injunan da aka yi na farko da su, saboda haka kayan gyara ba su yi wuya ba. Abin da ya yi wuya shi ne hannun da za a ba.

Ga wani abu kuma. Daga Mayu 2018 doka ta ɗauke wa yawancin motocin da suka wuce shekara 40 a Birtaniya gwajin lafiyar mota na shekara shekara. Ashe ke nan babu jami'in da zai tilasta a duba birkin MGB. Masu hankali duk da haka sukan kai ta wurin bakanikensu kowace shekara. Maganarsa ita ce ta tsaya a madadin takardar gwamnati.

To, yaya suke gane na ƙwarai? Ƙungiyoyin masu motar suna taimakawa, kamar MG Car Club da aka kafa a 1930, da MG Owners' Club ta 1973, inda mutum yakan tambayi 'yan'uwansa wanda suka gwada. Alamun da suke dubawa ba baƙi ba ne a gare mu. Yana faɗin kuɗi kafin ya taɓa mota. Yana nuna maka tsohon abin da ya cire. Yana rubuta ranar juye da abin da aka sake a littafi. Yana iya cewa, "Wannan zai jira sai baɗi, amma wancan kada ka fita da shi yau." In kuma aiki ya fi ƙarfinsa, ba ya jin kunya ya tura ka wurin wani.

Mu ma mun ɗanɗana. Ba mu da motar gudu, albashin malami bai kai can ba, sai wata tsohuwa mai kafireto da muke zuwa makaranta da ita. Wata rana a hanya ta fara shaƙewa. A garejin da muka tsaya aka ce sai an sauke injin, aka faɗi kuɗin da ya fi albashinmu na wata biyu. Muka lallaɓa muka kai ta gida wurin bakanikenmu na shekara da shekaru. Ya saurara, ya kwance matatar mai, ya nuna mana dattin da ya toshe ta. Muka ce, "Maigida, nawa za mu bayar?" Ya ce, "Malam, kuɗin matata kawai, sai ka sa wa yaran nan albarka." Tun da kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, irin waɗannan mutane ne suka sa tsofaffin 504 suka daɗe a hanyoyinmu.

Ranar sauke injin

Akwai aikin da mutum ɗaya ba ya so ya yi shi kaɗai. A MGB ba a iya sake kuloci sai an fitar da injin gaba ɗaya. Masu son rage kuɗi sukan zaɓi wata Asabar su kira abokai uku ko huɗu, a aro marataya, wani yana jan sarƙa, wani yana riƙe injin kada ya buga fenti, wani yana sa kusoshi a gwangwani yana rubuta inda kowanne ya fito. Wani lokaci bakaniken da kansa yakan leƙo ya duba aikin. Ba a biyan abokai kuɗi. Mai mota shi ne mai tukunya. Wanda ya taɓa zuwa gayya a gona ya san wannan tsari sarai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Girkin irin ranar nan yana da tasa dabara. Ba wanda ya san sa'ar da aiki zai ƙare, kusa ɗaya mai tsatsa tana iya cin awa biyu. Saboda haka sai abincin da zai jira. A Ingila akan yi dahuwar naman sa da dankalin Turawa da karas da albasa a tukunya guda. A Amurka kuwa sukan dafa niƙaƙƙen nama da wake da tumatir da barkono. Ga yadda ake yin na farkon domin mutum shida. A yanka nama kilo ɗaya da rabi manya manya, a barbaɗe shi da fulawa da gishiri. A soya shi kaɗan kaɗan a mai har ya yi ja, kada a cika tukunya gaba ɗaya, in ba haka ba ruwa zai fitar maimakon ya soyu. A soya albasa uku, a mayar da naman, a zuba ruwa har ya rufe shi, a rage wuta ya yi awa biyu. Sa'an nan a zuba dankali kilo ɗaya da karas, a ƙara minti 40. A ci da burodi. In an dafa tun jiya ma ya fi daɗi, muddin an ajiye shi a firji an kuma tafasa shi sosai.

Akwai ka'idodi uku da suka shafi rai. Na fari, murhu ko gawayi ya yi nisa da gareji, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya tarar da wuta. Na biyu, kada kowa ya shiga ƙarƙashin mota tana kan jak kaɗai, sai an tokare ta da matokaran ƙarfe. Na uku, a wanke hannu da sabulu, ba da fetur ba, gama tsohon baƙin mai yana da guba. Kada kuma a kira mutane cin abinci injin yana rataye a sama. A sauke shi ƙasa tukuna.

A wurin cin abincin nan ne saurayi yake jin abin da ba a rubuta a littafin gyara ba, a nan kuma ake faɗin wane ne ya yi aikin kirki, wane ne ya shafa gam. Sunan bakanike a bakin tukunya yake tashi ko ya faɗi.

Masu karatu, ko keke gare ku ko babur ko mota, in kun sami mai gyara mai gaskiya, ku riƙe shi da kyau. Ku biya shi a kan kari, kada ku bar shi domin wani ya rage muku kuɗi kaɗan. Mu kam ran Asabar mai zuwa uwargida za ta dafa dambu, za mu kai wa namu da yaransa a gareji.