Kafin a zargi biren bos: Yadda sikana ke gano matsalar kuruz a mota

Direban da ya saba doguwar tafiya ya san daɗin kuruz: ya danna maɓalli a sitiyari, ya ɗage ƙafa daga totur, mota ta riƙe gudun da ya zaɓa. Ranar da kuruz ya ƙi kamawa kuwa, a gareji da yawa biren bos ake fara ɗora wa laifi, a tura mai mota Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman wani. Sau da yawa ba can matsalar take ba.

Tun daga 1996 Amurka ta wajabta wa sababbin ƙananan motoci tsarin OBD-II, kuma daga can ne tokumbo da yawa ke shigowa Najeriya. Wani soket ne mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari. Idan aka jona masa sikana, kwamfutar motar kan bayyana lambobin matsalolin da ta adana.

Kuruz yana dogara ne da abubuwa uku: gudun mota, halin da birki yake ciki, da maɓallan sitiyari. Lambar P0500 tana nuni ga sansar gudu. P0571 da P0504 suna nuni ga makunnin da ke saman fedar birki. A wasu motocin ma, da zarar fitilar cek injin ta kama sai kwamfuta ta kashe kuruz, ko da matsalar daga wani wuri take.

Sai dai lamba hanya kawai take nunawa, ba ta yanke hukunci. Ƙwararren mai gyara yakan buɗe shafin da ke nuna abin da kwamfuta ke gani nan take. Ya taka birki, ya duba ko sikana ta nuna an taka. Ya danna maɓallan sitiyari ɗaya bayan ɗaya. Idan ba su amsa ba, musamman in hon ma ya mutu, zargi yakan koma kan wayar da ke naɗe a cikin sitiyari. Daga nan a fita gwaji kan titi, domin yawancin motoci ba sa kama kuruz ƙasa da gudun kilomita 40 a awa.

Makunnin birki ne ya fi cancantar kulawa. Shi ke sanar da kwamfuta ta saki kuruz idan an taka birki, kuma a motoci da yawa shi ke kunna fitilun birki na baya. Motar da kuruz ɗinta ya mutu na iya kasancewa tana yawo da dare ba tare da na bayanta ya san ta tsaya ba.

Ba kowace sikana ce ke ganin komai ba. Ƙananan da ake haɗawa da waya galibi lambobin inji kawai suke karantawa, ba sa shiga ɓangaren ABS, inda sansar tayoyi ke kai rahoto. Akwai kuma masu goge lambar su karɓi kuɗi, fitila ta mutu, bayan kwana biyu ta dawo.

Don haka mai mota ya nemi a nuna masa lambar, ya ɗauki hotonta kafin a goge. Kuma kafin ya biya kuɗin biren bos, ya sa wani ya tsaya a bayan motar, shi kuma ya taka birki.