Yaron Da Ke Yawan Murza Ido: Mu Kula Tun Da Wuri

'Yan'uwa manoma na ƙasar Kankiya da Kusada, mun san yadda ƙurar hunturu da ƙaiƙayin gero lokacin sussuka suke damun idanun yaranmu. Yaro ya yi ta murza ido har farin idon ya koma ja ko ruwan ƙasa, mu kuwa mu ce zai wuce. Sau da yawa yakan wuce. Amma ga waɗansu yara, yawan murzawan nan yakan buɗe ƙofa ga wata cuta da likitoci ke kira keratokonas. A nan za mu ce da ita tsinin ido.

Mene ne tsinin ido?

A gaban ido akwai wata fata garau kamar gilashi, wadda ta rufe baƙin ido. Kaurinta wajen rabin milimita ne kawai. Ta cikinta haske yake shiga. A lafiyayyen ido tana da siffar ƙoƙon da aka kife. Idan cutar ta kama ta, sai ta yi ta raguwa a kauri, ta turo waje, ta yi tsini kamar jinkar rumbu. Daga nan haske ba ya shiga daidai, kome sai ya zama dishi-dishi, ko abu ɗaya ya zama kamar biyu.

Cutar takan fara tsakanin shekara 10 zuwa 25 da haihuwa, ta yi ta ƙaruwa a hankali, ta lafa wajen shekara 30 zuwa 40. Takan taɓa ido biyu, amma ɗaya yakan fi ɗaya. A waɗansu gidaje gado ce. Ba a ɗaukarta daga wani, ba kuma yanar ido ba ce irin ta tsofaffi.

Alamun da za mu lura da su

1. Yaro yana yawan murza ido da bayan hannu, yana kwantsa mai yauƙi.
2. Yana ƙanƙance ido in zai duba allo a makaranta, ko ba ya gane mutum daga nesa.
3. Hasken rana yana damunsa. Da dare fitilar mota takan yi masa jela.
4. An yi masa tabarau, bayan 'yan watanni ya ce ba ya gani da shi.

Ga gwaji mai sauƙi. A rufe masa ido ɗaya, ya dubi abu daga nesa, sa'an nan a rufe ɗayan. In wani idon ya kāsa, a huda kwali da allura ya leƙa ta ramin. Idan ganin ya gyaru, to, ko dai tabarau yake bukata, ko kuwa tsinin ido ne. Likitan ido ne zai bambanta.

Abin da ba za mu yi ba

Kada mu ɗiga ruwan ganye, ko nono, ko ruwan sukari, ko fitsari a ido. Waɗannan sukan kawo gyambo, gyambon ya warke ya bar hakiya. Kada kuma mu sayi maganin ɗigawa a kemis ba da takardar likita ba. Akwai wani iri da ke kashe ƙaiƙayi nan da nan, amma in an daɗe ana sa shi sai ya jawo hawan jinin ido, wanda makantarsa ba ta da magani. In ido ya yi ƙaiƙayi, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a ɗora a kan idon a rufe.

Magani hawa huɗu ne

Na fari, tabarau. Yana taimako muddin tsinin bai yi yawa ba.

Na biyu, ɗan ƙaramin gilashi mai tauri da ake ɗorawa a kan idon kansa. Yana gyara gani ƙwarai, amma yana son hannu mai tsabta, ƙurar gona kuwa takan shiga ƙarƙashinsa.

Na uku, ƙarfafa fatar idon. Likita yakan ɗiga bitamin B2, ya haska wata fitila ta musamman a kai. Likitocin birnin Dresden na ƙasar Jamus ne suka fito da wannan dabara, suka bayyana sakamakonta a 2003. Ba ta mayar da ganin da ya tafi, amma tana tsai da cutar. Saboda haka ne muke cewa a je da wuri.

Na huɗu, aikin tiyata. Wani lokaci akan sa 'yan siraran zobba na roba, kamar tsinken wata, a cikin fatar idon domin su kwantar da tsinin. Ana iya cire su, kuma mai yiwuwa mutum ya ci gaba da sa tabarau. In fatar ta yi tabo, sai dashe, watau a yanke ta a ɗinka ta wani mamaci da aka ba da kyautar idonsa. Wani likita mai suna Eduard Zirm ne ya fara yin dashen nan da nasara a 1905. A Nijeriya fatar dashe tana da wuyar samu, aikin kuma yana da tsada. Ƙalilan ne daga cikin masu cutar suke kaiwa wannan hawa.

Ina za mu je?

Mu fara da Babban Asibitin Kankiya, mu nemi a tura mu wurin likitan ido. Akwai asibitin ido a Katsina. A Sabon Garin Kano akwai Asibitin Ido na ECWA, wanda yake aiki tun 1943. A Kaduna kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa. Ba kowane asibiti ne yake da kowace na'ura ba, don haka mu tambayi likita inda ake yin aikin kafin mu kashe kuɗin mota.

Bayan an dawo gida

Wanda aka sa wa zobba yakan ɗauki makonni ko watanni kafin ganinsa ya daidaita. Wanda aka yi wa dashe kuwa, zaren ɗinkin yakan kai shekara ko fiye a idonsa. Dukansu su kiyaye waɗannan:

1. Kada a murza idon ko kaɗan. A sa marufin da aka bayar lokacin barci.
2. A wanke hannu da sabulu kafin a ɗiga magani. Kada a daina sai likita ya ce.
3. Ban da sussuka, da shiƙa, da feshin maganin ƙwari, da ɗaukar buhu, da wanka a kududdufi, sai likita ya yarda.
4. A koma asibiti duk ranar da aka sa, ko da idon bai dami mutum ba.

Idan idon ya yi ja, ko zafi, ko ya ƙi haske, ko gani ya ragu, a tafi asibiti a ranar. Jiki yakan ƙi fatar da aka dasa, ko bayan shekaru, amma in an yi hanzari akan ceci idon.

Aikin ƙungiyarmu

Abin da yakan ɓata aikin likita shi ne mai jinya ya koma gona kafin lokaci, gama ba mai yi masa noma. A nan ne ƙungiya take da amfani. Mu yi masa gayya lokacin noma da girbi. Mu ware wani abu a asusu domin kuɗin mota da magani. Mu roƙi malaman makaranta su zaunar da yaro mai raunin gani kusa da allo, kada a ce da shi daƙiƙi. A taronmu na gaba, kowa ya zo da labarin yaran gidansa da ke yawan murza ido, mu shirya kai su tare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.