Mene ne kuɗin kai saƙon tangaraho?

Tangaraho gajeren saƙo ne da ake bugawa daga wani gidan waya zuwa wani, a rubuta shi a takarda, masinja ya kai wa mai shi. Mai aikawa yana biya ne bisa yawan kalmomi.

A da, kaiwa kyauta ce cikin iyakar da gidan waya ya shata. A Ingila, a 1897 aka mayar da iyakar mil 3. Idan an wuce ta, sai a biya ladan masinja gwargwadon nisa, ko saƙon ya bi jakar wasiƙu.

Mutanen karkara tsarin ya fi shafa: misali, mazaunin Birnin Ƙonni yakan riga manomin ƙauyukan Malbaza ko Illela samun labari.