Kakin Zuma Da Auduga A Ɗakin Tiyata

Duk wanda ya taɓa zama a bakin ɗakin tiyata yana jiran a fito da nasa, ya san abin da ya ke cin zuciyarsa, watau kada jini ya ƙare. Jinin babban mutum wajen lita 5 ne. In lita 2 ta zube farat ɗaya, lalle ransa yana cikin hatsari.

Babbar jijiya likita yakan kama ta ya ɗaure da zare. Amma a hanta, ko ƙwaƙwalwa, ko ƙashi, jini yakan tsatsafo ko'ina kamar ruwa a jikin sabuwar randa. To, ina za a ɗaure?

A shekara ta 1892 wani likitan Ingila, Victor Horsley, ya gauraya kakin zuma da ɗan mai, ya riƙa shafawa a bakin ƙashin kai in ya yanka. Kakin ya toshe ƙananan ramukan ƙashi, jini ya tsaya. Har yau ana aiki da wannan dabara.

Jini kuwa yana da hanyar daskarewa da kansa. Waɗansu ƙananan ƙwayoyi sukan taru a bakin rauni, sa'an nan wani zare mai suna fibirin ya saƙe su kamar taru. Saboda haka masana suka nemi abin da zai ba jini wurin kamawa. A 1945 aka fitar da wani soso a Amurka mai suna Gelfoam, daga fatar alade a ke yinsa. A 1960 kuma aka fitar da Surgicel, ƙyalle ne da a ke sarrafawa daga zaren tsiro, dangin auduga. Abin mamaki, ana iya barinsu a ciki a ɗinke, gama jiki yakan shanye su, ƙyallen cikin mako 1 zuwa 2, soson cikin mako 4 zuwa 6. Daga baya aka sami gam da a ke yi daga jinin mutum, ana fesa shi a kan rauni.

Amma fa waɗannan abubuwa suna tsai da jini ne kaɗai, ba sa mai da wanda ya riga ya zube. In an nemi jini domin matarka ko ɗan'uwanka, kada ka noƙe. Kafin a yi maka aiki, ka faɗa wa likita dukan magungunan da ka ke sha, har da na gargajiya, tun ba asfirin ba, gama yana hana jini daskarewa da sauri.

A gida kuwa, kada mu ce tun da likita yana sa kaki, mu ma sai mu sa ƙasa ko kashin shanu a ciwon yaro. Na asibiti an kashe ƙwayoyin cuta a cikinsa, namu kuwa yana iya kawo ciwon sarƙewar haƙora. Ka sami ƙyalle mai tsabta, ka danne wurin da ƙarfi minti 10 ba ɗagawa, sa'an nan ku nufi asibiti.